Awon Da Ba A Ƙarasa Ba

Da misalin ƙarfe uku na rana yayar tela ta tura ƙofar shagon ɗinkin, ta tarar da ƙanwarta kwance tsakanin keke da teburin yanka, jini na bin gefen kunnenta. Kafin Sufeto ta iso an wuce da ita asibiti. Mai kemis ɗin layin, wanda kowa ke kira Dakta, shi ya ɗaure mata kai ya ɗauke ta a motarsa.

Shekarar Sufeto goma sha shida tana wannan aiki, kuma ta san irin shirun da ta tarar. Shaguna tara ne a jere, bango ɗaya ya raba kowanne da maƙwabcinsa, amma duk wanda ta tambaya sai ya ce bai ji komai ba.

A cikin shagon dutsen guga na ƙasa, tef ɗin awo a yashe kusa da shi. Littafin awo na buɗe a kan tebur. Shafin ƙarshe: tsawo talatin da takwas, kafaɗa ashirin da ɗaya, hannu ashirin da ɗaya, wuya goma sha takwas. An rubuta "ƙirji", daga nan biro ya ja layi har bakin takarda.

"Ina sunan mai awon?"

"Sai ta gama take sa suna," in ji yayar. "Tun tana koyo haka take, na yi faɗan har na gaji."

"Wannan awon namiji ne."

"Ba ta yi wa maza ɗinki, ranki ya daɗe, sai wanda take jin kunyar ta ce masa a'a. Ki nemi tsohon mijinta kawai. Ya taɓa karya mata yatsa."

An kawo tsohon mijin, direban babbar mota, dogo siriri kamar sandar rake.

"Ka taɓa dukanta?"

"Na taɓa. Shi ya raba mu."

"Yau fa?"

"Tun asuba nake layin lodi a tasha. Ku tambayi mai ƙofa, makullin motata ma a hannunsa ya yini."

Mai ƙofa ya tabbatar. Duk da haka Sufeto ta ɗora masa tef a kafaɗa: goma sha bakwai. Ta sallame shi ba don ranta ya so ba.

Na biyu mai walda ne, wanda suka yi cacar baki da tela makon jiya kan tartsatsin da ya ƙona mata atamfa. Kafaɗarsa ta kai, amma hannunsa ya zarce da inci biyar.

"Injinka ne ya hana ka ji?"

"An ɗauke wuta tun sha biyu," ya ce, sai kuma ya yi saurin haɗiye sauran maganar.

"Ke nan layin shiru yake. Ka ji ihunta."

Ya kafa wa takalminsa ido. "Ranki ya daɗe, ina da iyali. Kowa a nan yana da iyali."

Sufeto ta gane mai laifin ɗan layin ne. Mutum ba ya jin tsoron baƙo haka.

A asibiti tela ba ta farfaɗo ba. Nas ta miƙo ƙyallen da aka ɗaure mata kai da shi. Sufeto ta warware shi a kan benci: farin yadin maza, sabo fil, yadi biyar, almakashi bai taɓa shi ba.

Ta sami Dakta a kemis ɗinsa yana ba wata tsohuwa magani kyauta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, shi ke shugabantar masu shagunan layin, shi ake kai wa ƙara idan an yi rigima.

"Sannu da ƙoƙari, Dakta. Ina ka samo ƙyallen da ka ɗaure mata kai?"

"A shagon. Abin da hannuna ya kai na ɗauka."

"Na duba shagon kaf. Atamfa ce da leshi. Yadin maza guda ɗaya ne, na mutumin da take aunawa."

"To, nasa ne ke nan."

"Yayarta ta ce da ka shigo, kai tsaye ka nufi bayan ƙofa ka zaro shi daga leda, alhali ga atamfa a gabanka. Wa ya gaya maka yana can?"

Ya yi murmushi. "'Yata, ni na kai ta asibiti."

"Na sani. Shi ya sa babu wanda ya tambaye ka jinin da ke rigarka. Miƙo hannunka."

Hannu ashirin da ɗaya. Wuya goma sha takwas. Da ta zo ƙirji sai ta ja da baya, ta naɗe tef ɗin.

"A nan ta tsaya. Ta matso za ta zagaya maka tef, ka rungume ta. Ta ture ka ta yi ihu, ka ɗauki dutsen guga. Ka gudu ka manta yadinka, da yayarta ta kira taimako ka dawo ka jiƙa shi da jini don kada a tambayi mai shi."

Ya sauke hannuwansa. Can ya ce, a hankali, "Bazawara ce fa. Me ya kai ta yin ihu?"

Washegari da safe masu shaguna bakwai suka cika ofishin 'yan sanda, har da mai walda. Sun zo roƙon a sasanta. Mutumin kirki ne, in ji su, tsautsayi ne, kuma ba a son tonon asiri. Sufeto ta tambaye su ko akwai wanda ya leƙa asibiti. Suka kalli juna. Ba a jima ba shugabanta ya kira ta ciki ya ce ta bi a hankali, manya sun fara bugo waya.

A baranda yayar tela ta tare ta, idanunta sun kumbura.

"Ta buɗe ido ɗazu. Ta ce in tambaye ki, za a hukunta shi?"

Sau ɗaruruwa Sufeto ta amsa wannan tambaya da "in Allah ya yarda". Wannan karon ba ta faɗi haka ba. Ta ɗauki fayil ɗin ta rungume a ƙirjinta.

"Ki ce mata da hannuna zan kai takardun kotu," ta ce. "Iyakar abin da zan iya rantse miki a kai ke nan."