Rabin Albashin Kalilu

Muhibbat tana tsakar gida tana feraye doya tana 'yar waƙarta, don yau ƙarshen wata ne, kuma mijinta Kalilu ya yi mata alkawarin atamfa. Sai ga shi ya turo babur ɗinsa, sallamar ma da ƙyar ta fito, ya sami turmi ya zauna.

"Malam, lafiya? Ba a yi albashin ba ne?"

"An yi, amma rabi aka ba ni. Wai oda ce daga kotu — duk wata za a riƙa yanke rabi ana ba Alhaji Ɗanmusa mai sayar da babura."

Hajiya Zuwairatu, mahaifiyarsa, wadda kunnenta ba ya hutu ko tana lazimi, tuni ta fito da carbi a hannu.

Ga yadda abin ya faru. Bara ne Baffa Yero, mahaifin Muhibbat, wanda ke zaune da shanunsa a bayan Shabu, ya karɓi babura biyu bashi don ƙaninta ya yi acaɓa. Ya aika Kalilu ya zo shagon ya zama shaida. Malam Kalilu, mai koya wa 'yan sakandare karatu, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin ƙofa, aka miƙo takarda, ya sa hannu kansa a ƙasa. Ina shi ina tsayawa bin layi-layi a gaban suruki, kamar yana zargin dattijo? Ashe inda ya sa hannun, wurin mai tsaya wa bashi ne. Yaro ya kwashe babura ya yi Mararaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alhaji ya ga bin makiyayi cikin daji wahala ce, sai ya bi mai albashi. Da sammaci ya zo kuwa, Kalilu ya ƙi zuwa, wai kada a ce ya tsaya gaban alƙali a kan maganar surukinsa.

"Ubanta ya ci, ɗana ya biya?" in ji Hajiya. "To ku saurara. Ko albashin nan ya dawo cif, ko ita ta koma rugarsu. Ba zan zauna ina kallo ana yanka ka wata-wata ba."

Muhibbat ta saki wuƙar, hawaye na zuba. Tana son Kalilu so na gaske, kuma ta san shi ma haka, amma ta san bai taɓa tsallake maganar Hajiya ba.

Washegari ita da Kalilu suka sami Barista Hembadoon, wata lauya mai magana da sauri kamar ana korar ta.

"Malam, kes ɗin nan ba shi da wuya," in ji ta. "Za mu roƙi kotu ya janye oda. Amma dole ka buɗe baki ka ce surukinka ne ya gaya maka shaida za ka yi, kuma yana da shanu da zai biya. In ka yi shiru, ni ma ba ni da aiki."

"Barista, in nuna wa kotu shanun Baffa da yatsana? Gara a yanke duka."

"Sori fa, amma wannan kunyan naka zai kashe maka aure."

Duk da haka Barista ta shigar da roƙon, aka sa ranar Talata. Da la'asar Muhibbat ta hau acaɓa sai ruga. Matsalar ita ce 'yar fari ce ita, tunda aka haife ta Baffa bai taɓa kiran sunanta ba, balle su zauna su yi magana. Ta same shi yana gyara igiyar 'yan maruƙa. Ta tsuguna can gefe, ta kama kunnen wani ɗan maraƙi ja, ta shiga ba shi labari da ƙarfi yadda na kusa zai ji.

"Kai ɗan ja, ka ji halin da nake ciki? An yanke wa Malam albashi saboda baburan gidan nan. Ya ce gara ya rasa komai da ya ambaci mai garken nan a kotu. Ranar Talata za a zauna. In an tashi ba nasara, ka gyara mini wuri, nan zan dawo."

Baffa bai ɗago ba, bai ko yi tari ba. Ta koma gida tana kuka a bayan ɗan acaɓa.

Ranar Talata kotu ta cika. Hajiya ta zauna a gaba ta haɗe rai. Barista ta yi bayani son ranta, sannan alƙali ya dubi Kalilu.

"Wa ya ce maka shaida za ka yi?"

"Ranka ya daɗe... wani babba ne."

"Babban yana da abin biya?"

Kalilu ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. Barista ta dafe goshi. Alhaji Ɗanmusa ya gyara zaman hularsa yana murmushi. Alƙali ya ja takarda ya ɗauki biro.

Sai hayaniya ta ɓarke a waje. Mutane suka yi caa wajen tagogi. Bajimai biyu ne ƙosassu, farare tas, ake ɗaurewa a gindin mangwaron harabar kotu, masinja yana ta daka tsawa yana ja da baya. Mai su ya jingine sandarsa a ƙofa, ya cire malfa, ya shigo.

"Baffa ne!" Muhibbat ta faɗa, ta rufe baki da mayafi.

"Alƙali, ni ne babban," in ji Baffa Yero. "Ni na karɓi mashin, ni na ce wa yaron nan shaida zai yi, don ni ma haka na ɗauka. Shi kuma bai karanta ba, a gabana ba ya ɗaga kai. Ga shanu can, Alhaji ya je ya duba. In ba su kai ba, akwai wasu. A sakar masa albashinsa."

Alhaji ya leƙa ta taga sau ɗaya, ya ce shi ba shi da ja. Barista ta miƙe tana magana har tana haɗa Hausa da Turanci. Alƙali ya janye odar nan take, ya ce a kai shanu kara a yi musu kuɗi, a biya Alhaji, a mayar wa Kalilu abin da aka yanke.

A waje Hajiya ta kamo hannun Muhibbat. "'Yata, na yi miki gaggawa. Ki yafe mini. Mu je gida."

Baffa ya wuce 'yarsa ko kallo babu, kamar yadda ya saba, amma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya tsaya a gaban Kalilu, wanda tuni ya zube ƙasa ya tuɓe takalmi.

"Yaro, ka riƙe mini mutuncina har ya kusa cin gidanka. Na gode. Amma daga yau, ko ni na miƙo maka takarda, ka karanta."

"To, Baffa," in ji Kalilu, kansa dai a ƙasa.

Kunya abu ne mai kyau, 'yan uwa, kuma haƙurin Muhibbat bai faɗi ƙasa banza ba. Sai dai girmama babba bai hana mutum buɗe ido kafin ya sa hannu, kuma babba na gari ba ya barin yaro ya ɗauki kayan da shi ya ɗaura.