Ɓarawon da Ya Tsaya Ɗauraya a Saman Bene

Da Injiniya Sambo ya dawo daga masallacin Juma'a, ko hula bai cire ba ya zari makulli daga bayan mitar wuta, ya haye saman benensu na unguwar Al-Suwaidi a birnin Riyad don ya juya aikin da ya shanya. Yana tura ƙofa ya tsaya cak. Tire yana nan, leda tana nan, amma kwanson kwamfutar ya yi ɓatan dabo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yau na shiga uku."

Shi dai Sambo gyaran na'urorin asibiti ne aikinsa, amma cutarsa tsofaffin kwamfutoci. Duk Asabar sai ya leƙa kasuwar gwanjo ta Haraj ya kwaso wata gawa da Larabawa suka jefar tun shekara talatin, ya kai gida ya yi ta jinyarta har ta buɗe ido. Matarsa Turai ta daɗe da haƙura da ɗakin baƙinta.

Wannan kuwa ba tasa ba ce, abin da ya ɗaga masa hankali ke nan. Ta Abu Nayif ce, Balarabe mai gidan. Sakhr ce, irin mai maɓallan Larabci da yaran Riyad suka taso da ita, kuma ita kaɗai ta rage masa daga kayan ƙaninsa Turki da ya rasu yana saurayi. Tsufa ya mayar da robarta rawaya kamar tsohon haƙori. Sambo ya cire kayan cikin ya ajiye a ɗaki, ya shafe kwanson da man da mata ke koɗar da gashi da shi, ya naɗe da leda, ya shimfiɗa a rana. Haka masu wannan harka suke dawo wa roba da farinta.

Kafin La'asar labari ya kai kunnen Abu Nayif. Ya sauko fuska a murtuke, ya sa aka kira Malam Idrisu, mai gadin gidan. Abu Nayif ne kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar.

"Makullin sama a hannun wa yake?"

"A hannuna, ya Abu Nayif. Amma ranar Juma'a ina..."

"Halas! Ranar Lahadi in ba ta fito ba, huruj niha'i. Ka koma ƙasarku."

Idrisu ya juya ya nufi ɗakinsa. Shekara goma sha ɗaya yana sharar wannan bene, da iƙamar nan, takardar izinin zamansa, yake riƙe da gida mai mutum tara a Gumel. Sambo ya ji kamar ya nutse don kunya, domin shi ne ya roƙi bawan Allah ya riƙa barin masa makulli a bayan mita.

Ya koma sama shi kaɗai, ya tsuguna yana duba wurin kamar yadda yake duba na'urar da ta ƙi tashi. Ledar ba yage ta aka yi ba, a hankali aka ɓare ta, har an ninke. Ƙarƙashin famfon tanki akwai sauran danshi da farin kumfa. Gefe guda kuma ga naɗin bututun jan ƙarfe da akwatin kayan aikin Lado mai gyaran AC, ba wanda ya taɓa su.

Ya fara da Idrisu, a ɗakinsa na ƙarƙashin matakala. Har mai gadin ya soma ɗaure jaka da igiya.

"Malam Idrisu, ƙarfe nawa ka bar gida?"

"Sha ɗaya saura, Injiniya. Ni ke shimfiɗa dardumai a waje, kai ma ka same ni can."

"Wa ya san maɓoyar makullin?"

"Ni, kai, sai Lado. Sai kuma abokinka mai gemu da kuka hau tare jiya."

"Nuna min hannunka."

Ya miƙa. Kanta ce kawai ta tsintsiya.

Lado kuwa a bakin bakala, kantin unguwa, ya same shi yana shan shayi.

"Ka hau sama yau?"

"Na hau wajen goma, Oga. AC ɗin gida na huɗu."

"Ka ga tire?"

"Na gani mana. Wallahi na ɗauka kaza Madam ta jiƙa da yaji, har na ce wannan wace irin kaza ce mai kusurwa huɗu!"

"Ka taɓa?"

"Abincin mutane? Na kulle ƙofa goma da rabi, na mayar da makulli. Kuma sahunmu ɗaya da kai a masallaci, ko ka manta wanda ya taka maka ƙafa?"

Hannun Lado baƙi ƙirin da maiko. Sambo ya cire shi daga zargi.

Saura mai gemu, wato Kamil, ma'aikacin wani kamfanin sadarwa da ke zaune a unguwar Al-Murabba. Shi ma ɗan wannan cuta ne, tare suke yawon Haraj. Yana da Sakhr irin ta Abu Nayif sak, sai dai kwansonta a tsage yake, kuma shekara biyu yana neman wani bai samu ba. Zuciyar Sambo ta ƙi yarda. Mutumin da suke cin shinkafar kabsa a faranti ɗaya? Ga shi kuma babu hujja, domin farin da man nan yake yi wa fata ba ya wuce 'yan awoyi.

Hujjar da ƙafarta ta zo. Da hantsin Asabar sai ga Kamil ya zo jaje, yana ta girgiza kai.

"Kai, Yaya Sambo, abin bai yi daɗi ba. Masu gadin nan ai sai a hankali."

Sambo ya ce, "Wannan jan gemu fa? Ango za ka zama?"

"Lalle ne. Na ce bari in raya sunna." Ya yi dariya, ya kai hannun dama ya shafa gemun, kamar yadda ya saba duk bayan magana biyu.

Turai ta ajiye tiren shayi a bakin labule, ta ɗan leƙa, sai ta ce, "Baban Hajar, zo ka buɗe min wannan kwalba."

A kicin babu wata kwalba. Ta rage murya.

"Kai da ka ce kana da ido, ka dubi gemun nan kuwa?"

"Lalle ne, in ji shi."

"Shekararsa nawa? Ko furfura ɗaya ba shi da ita. Lalle ba ya yin ja a baƙin gashi, sai dai ya ɗan yi duhu-duhu. To me ya sa gefen dama kaɗai ya yi jawur kamar manja? Wurin nan an koɗar da shi kafin a sa lalle. Ni nake sayo maka man nan a shagon mata, na fi ka sanin aikinsa."

Sambo ya dube ta baki buɗe. "Turai, Allah ya yi miki albarka. Daga yau kin yi ta mita a kan ɗakin baƙi, ba zan ce komai ba."

Ya dawo ya zauna, ya zuba wa baƙonsa shayi.

"Kamil, a ina ka yi Juma'a jiya?"

"A unguwarmu."

"Me liman ya yi huɗuba a kai?"

"Ai... a makare na isa."

"Na sani. Bari in ba ka labarin wani ɓarawo. Ya hau bene lokacin da duk mazan gida suna masallaci. Ya tsallake jan ƙarfen da za a saya a hannunsa nan take, ya ɗauki kwanson roba da babu komai a ciki. Wa zai yi haka in ba mai irinta ba? Sannan, maimakon ya suri abu ya ruga, sai ya tsaya ya ɓare leda, ya ninke, ya je famfo ya ɗauraye man tas. Ka san dalili, ni ma na sani: in man ya bushe a jikin roba, zane-zane yake bari har abada. Ɓarawon gaske bai san wannan ba. Ɗan'uwanmu ne, zuciyarsa ba za ta iya barin kwanso ya lalace ba ko da a tsakiyar sata."

"Yaya Sambo, wannan ai zato ne."

"Safar hannuna tana nan ƙasa, don haka da hannu tsirara ya kwashe man. Kuma mutum ne da ba ya iya minti biyu bai shafa gemu ba, a cikin ranar nan ta Riyad. Ya je gida ya ga madubi, hankalinsa ya tashi, ya nemi lalle ya rufe. Lallen ne ya ƙara tona shi."

Hannun Kamil ya tashi zuwa gemu, ya tsaya a hanya.

"Tashi mu je Al-Murabba," in ji Sambo. "Kusa huɗu kawai zan kwance. In babu sunan Turki da aka karta da tsinke a cikin murfin, zan durƙusa in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Kamil ya sunkuyar da kai. "Na liƙa tef a kan sunan," ya ce da ƙyar. "Shekara biyu, Yaya. Na ce mai gadi faɗa kawai za a yi masa."

"Faɗa? Mutum yana can yana ɗaure jaka!"

Kafin Azahar kwanso ya dawo, Kamil na rungume da shi kamar jariri. Abu Nayif ya saurari bayani har ƙarshe, ya ɗaye tef ɗin da farcensa, ya daɗe yana kallon rubutun ƙaninsa. Ya so kiran 'yan sanda. Idrisu ne ya ce a bar Kamil, shi ma yana da iyali. Sai aka tsaya a kan cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan ba.

Sambo ya mayar da kayan ciki, ya ɗaure kusoshi, ya jona da tsohuwar talabijin a falon Abu Nayif. Dattijon ya kama hannun mai gadinsa a gaban mutane, ya sumbaci goshinsa.

"Samihni, ka yafe min, ya Idris. Na zalunce ka. Kai za ka kunna ta."

Idrisu ya goge yatsa a jikin riga, ya danna. Talabijin ta yi ƙif-ƙif, sai ga haske, ga haruffan Larabci ɓaro-ɓaro. Lado ya buga kabbara daga bakin ƙofa, Abu Nayif ya rufe fuska da gefen mayafin kansa, shi kuwa Sambo daɗi kamar ya taka rawa.

Suna saukowa, Idrisu ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, ya jawo jakar, ya soma kwance igiyar da haƙori.

"Injiniya, ara min wayarka," ya ce. "Jiya na ce wa uwar yara ta share min ɗaki. Bari in gaya mata ta bar wahalar da kanta."