Ke Dai Ki Ce Amin

"An ce min kin daina addu'a."

Kafinta ne ya faɗa daga saman tsani, bai ko juyo ba. Mai labule tana ƙasa a falon da aka ba su aiki, yadi a kafaɗa, allurai uku a bakinta. Sai da ta cire su ɗaya bayan ɗaya ta iya magana.

"Wa ya gaya maka?"

"Ƙanwar marigayi mijinki. Har shago ta same ni jiya."

Ai kuwa za a rina. Tun ranar da ƙanwar mijin nan ta ɗora ido a kan kafinta, kujerun gidansu suka shiga uku, kullum da wadda za ta karye a kira shi gyara.

Shekara guda ke nan suna aiki tare, ita ta ɗinka labule, shi ya kafa ƙarfe ya rataya. Watan jiya ya ce aurenta yake so. Tana son sa har cikin ranta, amma ta ce ya ba ta lokaci.

"Ina sallah," ta ce a hankali. "Hannu ne na kasa ɗagawa."

Ya sauko ya zauna a matakin ƙarshe.

"Kwanan mijina goma sha tara a asibiti. Babu abin da ban roƙa ba, har cewa na yi a rage kwanana a ƙara masa. Ranar ta ashirin aka miƙo min agogonsa a leda..." Ta sauke yadin daga kafaɗarta. "Shekara uku ke nan, ina sallamewa sai in naɗe darduma. Gani nake duk abin da na ambata a addu'a, nuna shi na yi a zo a ɗauke."

"Shi ya sa kika hana ni amsa?"

"Idan na aure ka, dole in roƙa maka tsawon rai. Ni kuwa na ga inda roƙona ya kai ni."

Ta sunkuyar da kai tana jiran wa'azi, don ta sha shi har ta ƙoshi. Bai yi ba.

"Da matata ta rasu," ya ce, "wata bakwai in na ɗaga hannu sai in ji kamar mai buga ƙofar gidan da ba kowa. Ban gaya wa kowa ba, kunya nake ji. Sai na koma zama kusa da masu roƙo, su roƙa, ni in ce amin. Da amin ɗin nan na rayu har bakina ya buɗe."

Ta ɗago ta dube shi, hawaye na sauka a kan yadin mutane.

"Ni zan riƙa roƙo, sanyin idona. Ke dai ki ce amin. In shi ma ya yi miki nauyi, ki yi shiru, zan jira."

Da yamma ta koma gidan surukarta, inda take zaune tun bayan rasuwar. Tsohuwar ce ta fara cewa ba ta yarda da maganar kafinta ba, wai babu mai zama a gurbin ɗanta. Yau kuwa ta tarar da ita a bakin gado ido jawur, ƙanwar miji ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, da alama ta sha faɗa.

"Zo nan, 'yata. Na ji abin da ta je ta faɗa. Ni ma ina da nawa laifin."

"Mama..."

"Ranar ƙarshe kin fita karɓo magani, ya kama hannuna. Bai roƙi lafiya ba. Cewa ya yi, Allah kada ka bar ta ita kaɗai. Sau uku ya faɗa, na ce amin." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na ɓoye miki don kada ki tafi ki bar ni. Ga shi an amsa masa, ni uwarsa na tare hanya."

Mai labule ta kifa kai a cinyar tsohuwar ta yi kuka sosai. Wannan karon kukan bai bar mata ɗaci a maƙogwaro ba.

Washegari suka rataya labulen ƙarshe. Kafinta ya ja shi hagu da dama yana duba ƙarfen, ya ce ya zauna daidai.

"Na amince," ta ce. "Da sharaɗi. Mama ba za ta yi nisa da mu ba."

"Ni zan haɗa mata gado da hannuna. Amma kujerun ƙanwar nan, a nemi wani kafintan."

Ta yi dariya. Sannan ta ajiye almakashi, ta kalli tafukanta kamar baƙin da suka daɗe ba su zo ba. Ta ɗaga su.

"Ya Allah..."

"Amin," in ji kafinta.

"Ban ma faɗi komai ba, masoyi."

"Ci gaba," ya ce, shi ma idonsa ya ciko. "Ko me kika roƙa, ina bayanki."