Muryar Hansai a Dogon Yashi

A tsakar gidanmu suka zauna tsara tafiyar, bayan sallar isha. An ɗauke wuta, sai fitila ɗaya a tsakiyarsu. Ni ina bakin ƙofar ɗaki ina ɗaure musu gari da ƙuli-ƙuli, kaina a ƙasa, kunnena a wurinsu.

Maigidana da abokansa 'yan koli ne. Turare, madubi, tocila, allura. Duk shekara idan masunta sun samu kifi, sukan goya jaka su bi ƙauyukan bakin teku a ƙafa, kwana da kwanaki, sannan su yanka ta dajin kwakwa zuwa kasuwannin tudu. Wannan ce tafiyarsa ta farko tun da aka kawo ni gidan.

Jatau, babbansu, yana zana hanya a ƙasa da tsinke.

"Nan za mu fara kwana. Nan akwai rijiya, kowa ya cika jarkarsa. Cindo, tukunya taka ce."

"Kullum ni ne jakinku," in ji Cindo.

"To wa ya fi ka amfani da ita?"

Aka yi dariya. Sai maigidana ya karɓi tsinken. Auta suke ce masa.

"Akwai ƙauye bayan Dogon Yashi, ba ɗan kolin da ke leƙa shi. Ku yanka tudu daga nan. Ni zan bi bakin ruwa in sayar, mu haɗu a kasuwa."

"Kai kaɗai?"

"Yini ɗaya ne fa."

Hannuna ya tsaya a kan ƙullin gari. Me zan ce a gaban maza?

Yaya Sallau, ɗan wan baban maigidana, yana zaune a kan turmi can gefe. Ya daɗe da barin wannan yawo. Ya ce a hankali, "Auta, share wannan layin."

"Yaya..."

"Share. Ku matso."

Suka matso. Har fitilar aka ja kusa da shi.

"Kun san ina da ƙane, Tanimu. An ce muku ruwa ya ci shi. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma ba a gaya muku duka ba.

"Shekarar da abin ya faru matarsa Hansai ta rasu wurin haihuwa. Ita da jaririn. Na ce ya zo mu yi tafiya ko zuciyarsa ta sake. Irin zaman nan muka yi, irin zanen nan. Ayari ya yi tudu, ni da shi muka bi Dogon Yashi.

"Wurin ba gida, ba kwalekwale, ba ko kare. Teku a hannun hagu, kwakwa a dama. Rana ta take. Inuwarka tana ƙarƙashin ƙafarka. Sai na ga ƙaguwoyin nan da ke guje-guje a yashi duk sun shige rami. Tsuntsu ba ko ɗaya. Ruwa yana zuwa yana komawa, amma ƙararsa ta ragu, kamar an toshe maka kunne.

"Can gaba, mace. Tana tsaye inda ruwa ke lasar yashi. Ta ba mu baya. Zane shuɗi, ɗankwali ɗaurin gida.

"Na ce, 'Kada ka yi sallama.' Ya ce to.

"Muka zo daidai da ita. Ban ɗaga ido ba, ƙasa nake kallo. Shi ya sa na gani. Ruwa ya zo ya wuce ƙafarta, ya koma. Bakin zanen a bushe. Kuma ita teku take fuskanta, amma yatsun ƙafarta mu suke kallo."

Cindo ya ce, "La'ilaha illallahu."

"Muka wuce. Na fara karanta abin da ya zo bakina. Sai muka ji daga baya. A hankali, irin yadda mace ke magana idan ba ta son surukai su ji.

"'Tanimu.'

"Muryar Hansai ce. Har ɗan dishin nan nata.

"Ya tsaya. Na kama hannunsa. Na ce, 'Ba ita ba ce.' Na ce, 'Kai, yi hankali. Hansai ta taɓa kiran sunanka? Yarinyar da ko mai sunanka ta gani sai ta ce mai sunan Malam?'

"Ya ce, 'Ba ta taɓa ba.'

"'To ka gani. Mu tafi.'

"Ya dube ni. Wallahi ba idon mahaukaci ba ne. Ya ce, 'Na sani, Yaya. Na san ba ita ba ce. Amma ashe haka sunana yake a bakinta.'

"Ta sake kira.

"Ya ce, 'Bari in ƙara ji. Sau ɗaya.'

"Na rungume shi ta baya. Jakarsa na kama. Ya zare hannuwansa daga igiyar, ya bar ni da jaka. Bai yi gudu ba. Tafiya yake kamar an kira shi cin tuwo. Ita kuma tana ja da baya cikin ruwa, ba ta juyo ba. Ruwa ya kai masa gwiwa. Ya kai ƙirji. Ina ihu, ni kaina ba na jin ihuna.

"Sai ƙarar teku ta dawo gaba ɗaya. Ƙaguwoyi suka fito. Ba shi, ba ita.

"Na kwana uku ina bin bakin ruwan da masunta. Ko hularsa."

Ba wanda ya motsa. Na ga Yaya Sallau ya goge fuska da hannun riga.

"Mu biyu ne fa, Auta, kuma ban iya riƙe shi ba. Kai wa zai riƙe ka? Abin da ke wurin nan ba ya zuwa da tsoro. Abin da kake kwaɗayin ji yake zuwa da shi. Kada ɗayanku ya taka Dogon Yashi shi kaɗai, ko da rana tsaka, ko da kuɗin duniya ne a bayansa."

Jatau ya sa tafin ƙafa ya share layin. Maigidana bai hana ba, bai kuma ce ya yarda ba. Na san halinsa. Idan ya yi irin wannan shirun, maganar tana nan.

Da suka watse na shiga ina jera masa kaya a jaka. Ya zauna a bakin gado yana kallona.

"Yaya da tsoratar da mutane," in ji shi. Ya ɗan yi dariya, ba ta kai ciki ba. Can kuma ya ce, "Ke ma dai ba ki taɓa faɗar sunana ba."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ashe shi ma yana da wannan kwaɗayin. Da shi zai tafi, kuma a can akwai mai jiran ta ba shi.

Innata ta yi shekaru a ɗakin babana, har ya koma ga Allah sunansa bai fito daga bakinta ba. Haka na tashi na gani. Bakina ya yi nauyi. Na juya fuskata bango, na riƙe rigarsa da nake ninkewa da hannu biyu.

Na faɗa.

Da ƙyar ya fito, rabi a maƙogwaro. Amma ya ji. Gadon ya daina ƙara.

Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Sake faɗa."

Na girgiza kai. Hawaye yana ɗiga a kan rigar.

"Sai ka dawo," na ce. "Ta tudu."