Cikin Bidi Ya Ƙi Tsayawa

Ku gyara zama, yara, in ba ku labarin wata yarinya da dokin babanta.

Yarinyar nan ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Babanta yana da keken doki, da shi yake kai wa mutane kaya daga kasuwa zuwa gidajensu. Dokin da ke jan keken sunansa Bidi. Auta tana son Bidi kamar ranta. Shi ma in ya ji muryarta, sai ya ɗaga kunnuwa ya yi haniniya.

Da safe Baba ne ke ba Bidi abinci. Da yamma kuma yayan Auta ne. To, da Yaya ya fara zuwa koyon ɗinki bayan makaranta, sai Baba ya kira Auta.

Ya ce, "Daga yau abincin yamma a hannunki yake. Ki jiƙa dusa, ki zuba masa a kominsa na cin abinci. Kin ji ko? A komi."

Auta ta ce, "Na ji, Baba."

Yaya ya tuntsire da dariya. "Wannan 'yar guntuwar? Ai ko haɓarta ba ta kai bakin komin ba!"

Auta ta murguɗa baki. "Za ka gani!"

Amma fa Yaya bai yi ƙarya ba. Komin na katako ne, an kafe shi can sama a jikin bangon barga. Auta ta ɗago bokiti, ta yi ɗage, ta yi nishi. Bokitin ya karkace, dusa ta zubo mata a ka, sauran ta watse a ƙasa.

Ƙasan bargar kuwa yashi ne. Baba ne ya shimfiɗa shi don kada wurin ya yi laka. Bidi ya sunkuyar da kai ya lashe dusar tas, ko ƙwaya bai bari ba.

Auta ta ce a ranta, "Ashe ma ya fi son ci a ƙasa. To, me zai sa in faɗa, Yaya ya samu abin tsokana?"

Tun daga ranar, a ƙasa take juye masa. Bargar tana bayan gida, ba wanda ya gani.

Kwanaki suka shuɗe. Ran nan Baba ya shigo tsakar gida yana sosa ƙeya.

Ya ce wa Inna, "Cikin Bidi ya lalace. Kashinsa ya zama ruwa-ruwa, duk ya ɓata jelarsa da ƙafafunsa."

Inna ta ce, "Subhanallahi! Ya daina cin abinci?"

"Ina fa! Ci yake kamar gara. Idonsa garau, jikinsa ba zafi, yana jan keke kamar kullum. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan."

Kaka, mahaifin Baba, yana zaune a kan tabarma. Ya ce, "Tsutsar ciki ce. A ba shi magani."

Aka ba shi maganin tsutsa. Cikin bai tsaya ba.

Inna ta ce, "Ruwan randar nan ne, ya daɗe." Aka wanke randa, aka sauya ruwa. Cikin bai tsaya ba.

Maƙwabcinsu mai gyaran keke ya leƙo ta katanga ya ce ɗanyar ciyawa ce ta yi yawa. Aka hana Bidi ɗanyar ciyawa. Kashegari mai sayar da ciyawa ya rantse cewa rashin ɗanyar ne ma ke kawo haka. Aka mayar masa da ita.

Yaya ya ce, "To yanzu wanne ne? A ba shi ko a hana shi?"

Baba ya ce, "Wallahi ni ma ban sani ba."

Wata rana kashin ya ɗan yi tauri, kowa ya ce maganinsa ne ya yi aiki. Washegari ya koma gidan jiya, kowa ya ce laifin maganin wani ne.

Ita kuwa Auta, tausayin Bidi ya cika ta. Ta ce, "Duk abin da ya ci fita yake yi, dole yana jin yunwa." Sai ta riƙa ƙara masa dusa, tana baza masa a ƙasa da faɗi don ya ci a natse. Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu.

Abin ya fara taɓa aikin Baba. Wata yamma ya dawo ransa a ɓace.

Ya ce, "Yau Bidi ya ɓata ƙofar shagon mai burodi. Mutumin ya ce kada in sake tsayawa a wurin. Masu kayan abinci ma sun fara guduna saboda ƙuda. In haka ta ci gaba, dole in rabu da shi in nemi wani."

Auta ta matso kusa da shi. "Baba, sayar da Bidi za ka yi?"

"Ba da son raina ba, Auta. Amma da keken nan muke ci."

Washegari a aji, Auta tana zaune, hankalinta yana barga. Malama ta yi tambaya, ta kira ta, ba ta ji ba.

Malama ta ce, "Auta! Jikinki yana nan, ke kina ina?"

Auta ta miƙe a firgice ta ce, "Zawo, Malama."

Aji ya fashe da dariya. Malama ta tsawatar, sannan ta ja ta gefe. Auta ta kwashe labarin Bidi ta faɗa mata, tana sharar hawaye.

Malama ta ce, "Kun kira likitan dabbobi?"

"A'a. Baba ya ce ai Bidi ba ya kwance."

"Ki gaya wa Baba ina gaishe shi. Ki ce na ce ba sai dabba ta kwanta ake kiran likita ba."

Baba ya ji saƙon Malama, ya juya shi a ransa. Can ya ce, "Gaskiyarta."

Likita ta zo da jakarta ranar da ba makaranta. Kowa ya taru a barga. Ta duba haƙoran Bidi, ta duba idonsa, ta gwada zafin jikinsa. Ta ɗora abin saurare a ƙasan cikinsa, ta daɗe tana ji.

Daga nan ta ɗebi kashin ta zuba a farar leda. Ta ƙara ruwa, ta girgiza, ta rataye ledar a jikin turke.

Kaka ya ce, "Ikon Allah! Yau kuma kashin doki ake wa wanka?"

Likita ta yi murmushi. "Ɗan jira kaɗan, Kaka."

Ba a jima ba ta ce wa Auta, "Zo ki taɓa gindin ledar nan. Me kika ji?"

Auta ta matsa da yatsu. Wani abu ya yi ƙaras-ƙaras. Ta ce, "Kamar yashi."

Likita ta ce, "Yashi ne. Ya taru a cikinsa yana goge masa hanji, shi ya sa cikin ya ƙi tsayawa. Allah ya sa kun kira ni da wuri. In ya yi yawa, yana toshe hanji, doki ya kwanta. A ina yake cin abinci?"

Baba ya ce, "A komi, ga shi nan. Yashi kuma daga ina?"

Inna ta ce, "Ko mai dusa ne ke haɗa mana da ƙasa?"

Likita ta damƙi dusar cikin buhu ta murza. "Wannan dusar ba ta da laifi."

Baba ya juya ga Yaya. "Kai ne ke kai shi wanka rafi. Kana barinsa yana kiwo a bakin yashi ko?"

Yaya ya zaro ido. "Ni? Wallahi, Baba, ban taɓa sakin igiyarsa ba!"

"To aljanu ne suka ɗura masa?"

Auta ta dubi ledar. Ta dubi komi. Ta dubi ƙasan da take juye dusa kullum, inda harshen Bidi ya yi ɗan rami. Sai yanzu abin ya faɗo mata. 

Ta ce a hankali, "Baba, ba Yaya ba ne."

Kowa ya juyo.

"Ni ce. Hannuna ba ya kai komi. A ƙasa nake zuba masa. Ban san yana haɗiye yashi ba." Sai ta fashe da kuka.

Baba ya nufo ta, har Auta ta ɗauka duka zai biyo baya. Sai ya durƙusa a gabanta.

"Me ya hana ki faɗa mini tun ranar farko?"

"Kada Yaya ya yi mini dariya."

Yaya ya sunkuyar da kai. Kaka ya nuna shi da sanda. "Ka ji ko, sarkin baki? Kai ma da kamashonka."

Baba ya ce, "Ni ma da nawa. Na ba ki aiki ban duba tsayinki ba. Amma Auta, na ce a komi, kika ce kin ji. Dubi wahalar da Bidi ya sha."

Auta ta ce, "Ka yafe mini, Baba. Zai warke, Likita?"

Likita ta ce, "Zai warke, in kun bi abin da zan faɗa. Kada ya ƙara ci a kan yashi. A rage dusa, a ba shi busasshiyar ciyawa mai yawa da ruwa mai tsabta. Ga wannan garin magani, a riƙa haɗa masa a abinci, yana kwaso yashin ya fito da shi. Kuma don Allah a daina sauya masa abinci kullum. Cikin doki ba ya son a riƙa juya shi."

A ranar Baba ya sauko da komi daidai ƙirjin Auta. Yaya ya samo tsohuwar shimfiɗar roba ya sa a ƙarƙashi, don abin da ya zube kada ya taɓa yashi. Hukuncin Auta kuwa, ita ce mai wanke jelar Bidi da ƙafafunsa har ya warke. Aikin akwai wari, amma ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba.

Cikin bai tsaya a rana ɗaya ba. A hankali ya riƙa sauƙi. Wata safiya Auta ta shiga barga, sai ga ta ta fito a guje.

"Baba! Inna! Ku zo ku gani! Ya yi curi-curi!"

Inna ta riƙe baki tana dariya. "Oh ni! Ban taɓa ganin mai murna da kashin doki irin ta yau ba."

Baba ya je ya duba da idonsa. Ya shafa wuyan Bidi, ya ce, "Alhamdu lillahi. Bidi yana nan tare da mu, ba inda za shi."

Auta ta rungume ƙafar dokin, shi kuma ya hura mata iska a ka.

To, yara, abin da Auta ta koya ke nan. In an ba ku aiki ya fi ƙarfinku, ku buɗe baki ku faɗa. Kada ku sauya shi a ɓoye don gudun dariya. Dariya takan wuce nan da nan, amma ɓarnar da aka ɓoye girma take yi.