Gyaran Sama'ilu

Duk wanda ya ci kasuwa tsakanin Roni da Gwiwa a shekarun nan na tsadar rayuwa ya san Sama'ilu mai awo. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka ba a teburin mai shayi na tsinci labarin nan ba.

Shekarar da fetur ya tashi, masana'antar da yake aiki a Kano ta rufe, aka sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ya dawo Roni da matarsa Sadiyya da 'yarsu tilo, Shatu, yana neman sana'ar da zai kama kafin jarin ya narke a cefane. Ya yi tunanin cajin waya, ya ga kowane lungu akwai. Ya tambayi kuɗin abincin kaji, ya ja da baya. Acaɓa kuwa, mutane sun koma tafiyar ƙasa. A ƙarshe ya tsaya a kan awon hatsi, don ko me ƙasa ta zama sai an ɗora tukunya. Zaɓin ya yi kyau, har ga Allah. Haƙuri ne ba shi da shi. Ribar awo kaɗan-kaɗan take zuwa, shi kuwa so yake kafin kaka ta zagayo a ce masa Alhaji.

Wani direba mai kawo masa buhuna daga Babura ne ya kwatanta masa wurin wani boka. Wata tsagar dutse ce a bayan Kazaure, inda ko akuya ba ta hawa. Da rana tsaka ya shiga, amma sanyin ciki sai da ya kaɗa masa haƙora. Baƙaƙen tukwane a kife. Ƙahon rago naɗe da jan ƙyalle. A tsakiya an binne turmi har wuya, bakinsa ya yi ɓawo da tsohon jini. Sama da shi ga zangarniyar gero a rataye, ta shekara da shekaru, ko ƙwaro bai yarda ya taɓa ta ba.

"Me kake sayarwa?" in ji bokan, wani tsoho mai siririn wuya.

"Hatsi, Baba."

"Ka iya zaɓe. Masu wurin nan yunwa ce ciwonsu. Wa za ka ba su a gidanka?"

"Baba, 'yata ɗaya ce. Ba na ba da mutum. In rago ne ko sa, a faɗa."

"Ba sa ƙoshi da dabba."

Sama'ilu ya miƙe zai tafi. Tsohon ya daɗe yana kallon idonsa, sannan ya ce, "Zauna, akwai mai sauƙi." Ya zura hannu cikin turmin ya fito da kwanon awo. "Da wannan za ka riƙa auna wa mutane. Duk abin da ya zubo daga tsororonsa ya faɗi a shimfiɗa, nasu ne. Ka share, ka kawo, ka juye a turmin nan. Kada ya shiga bakin ɗan Adam. Wanda ya ci rabonsu, shi za su ci."

"Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan," in ji tsohon, yana murmushin da ba na alheri ba.

Ciniki ya buɗe kamar an ɓalle kwata. Mutum zai wuce rumfunan ma'auna duka ya zo ya yi layi a gaban Sama'ilu, bai san abin da ya ja shi ba. Ya kama rumfa a Gwiwa, ya kama a Babura, ya gina sito. Amma yadda awo ke yawa, haka zube ke yawa. Abin da da yake kaiwa a aljihu ya koma buhu. Ya sungumi buhun gero mai kyau ya hau dutse, ya juye a turmin da ba ya cika, a lokacin da hatsi ya fi komai tsada. Abin ya riƙa cin ransa.

Ga masu saye kuma ba sa tashi sai sun ce, "A yi gyara mana." Rannan sai Shaiɗan ya haɗa masa lissafi. Me zai sa ya yi asara biyu? Ya daina hawa dutse. Ya ajiye buhun zube a bayansa, in an ce gyara, ya damƙo hannu cike ya zuba. Nan da nan sunansa ya zagaye kasuwanni, har ana sa masa albarka.

Sai wani ciwo ya ɓulla a ƙauyuka. Mutum ya ci kwanon tuwo, ya ƙara, ya suɗe tukunya, yana kukan yunwa yana ramewa har ya mutu. Ba wanda ya zargi komai, don a shekarun nan kowa a rame yake. Sama'ilu ya sani sarai. Dabararsa ita ce ba ya ba da wannan gyaran a Roni, hatsin gidansa kuma a wurin wani yake aunowa.

"Baban Shatu, kai mai sito guda, ka riƙa saya mana gero a waje?" in ji Sadiyya.

"Jari daban, ciki daban," ya ce, ya kashe maganar.

Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu, Iya Tasalla, ba miji ba ɗa a gabanta. Ta je Gwiwa gaisuwa ran kasuwa, ta gan shi, ta auni rabin kwano.

"Ɗan nan, ni ba gyara?"

Mutane na kallo. Buhun gero mai tsabta na gabansa, hannu kawai zai miƙa. Amma ya raya a ransa cewa tsohuwa ce, ita kaɗai take cin abinta, kuma ai ta ci zamaninta. Ya juya baya ya damƙo mata har sau biyu.

Zaman birni ya mantar da shi yadda muke. A wurinmu tsohuwa ba ta cin kyauta ita kaɗai. Iya Tasalla ta surfe geron, ta yi fura, ta dama da nono, ta rufo kwano da faifai ta shigo gidansa.

"Shatu, zo ki sha. Alherin babanki ne, ke ya kamata ki fara."

Da ya dawo ya tarar da yarinyar ta cinye tuwon gidan duka, tana kankare ƙanzo da farce. Ya ga kwanon Iya Tasalla a gefe, nan take ya gane. Ta katanga nake jin muryar Shatu, kuma har yau ba ta bar kunnena ba: "Baba, yunwa. Baba, ban ƙoshi ba."

Ya ɗauki buhu biyu ya hau dutse, ya zube gaban boka.

"Baba, na ce ba na ba da 'yata!"

"Ni ma ban karɓa ba. Turmi na ce ka kawo wa."

"Ga shi na kawo. In sito ne a kwashe duka!"

"Sun ɗanɗana abin da ya fi gero," in ji tsohon. "Tun ranar da ka zo na san buhu zai yi maka nauyi."

Iya Tasalla ce ta fara tafiya. Shatu ta bi ta, a gidan da buhuna suka kai rufi, tana tauna bakin zanenta. A kan gawarta Sama'ilu ya tona kansa da ihu, duk unguwa ta ji. Sadiyya ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa tsakar gida tana tsince ƙwayar gero ɗaya-ɗaya don kada wani ya ci, kuma har 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita ba ta daina ba. Da aka buɗe sito, ba komai a buhunan sai ƙwari da dusa.

Ku da ke neman sana'a a wannan matsi, ku ji da kyau. Ku kama halas ko ribarta ta kai ƙwayar gero, ku jira Allah. Duk wanda ya yarda ɗan wani ya mutu don jarinsa ya kumbura, ya sani kwanon maƙwabta yana shiga gidansa.

Sama'ilu yana nan a bakin kasuwar Roni, a kan tsumman buhu, yana auna yashi da kwanon nan. In ka wuce zai damƙo hannu cike ya miƙo maka, sai kuma ya janye da sauri ya cusa a bakinsa.