Riga Baibai

Tela na jin hon a ƙofar gida gabanta ya faɗi. Ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki ta leƙa taga. Baƙar mota ce, direban bai ko kashe inji ba. Hajiya, uwar mijinta, ta fito riƙe da jakar tafiya, jakar kuwa wayam, har iska na kaɗa ta.

Ɗanta Kurciya na ƙarƙashin tebur ya toshe kunnuwa, yana wannan "kuu... kuu..." ɗin da ya jawo masa sunan. Shekararsa biyar, bai taɓa cewa Mama ba. Rigarsa baibai take, don in ɗinki ya taɓa fatarsa sai ya yi ta yakushin kansa har jini.

"Tooo—" Hajiya ta ja kalmar kamar roba, ta tura gilashi bisa hanci. "Har yanzu da shigar mahaukata? Ke 'yar nan, zuba masa kayansa a nan."

"Sannu da zuwa, Hajiya... ina za a kai shi?"

"Inda ake gyara irinsu. Wata uku kacal, ba ziyara, ba waya. Ɗan maƙwabciyata ya shiga yana tsalle-tsalle, ya fito ko tari ba ya yi."

Ko tari ba ya yi! Tela ta juya ga mijinta, wanda ya fito cikin kayan aikinsa na gyaran wuta ya ƙame a bakin ƙofa.

"Abban Kurciya, don Allah ka yi magana! Likita ta ce fatarsa da kunnensa ne ke jin komai fiye da namu. Sati shida muna zuwa terafi a asibiti ana koya masa, jiya fa sai da ya kalli cikin idona!"

Mutumin da ya taɓa tsayuwa cikin ruwan sama don ta ce masa "sannu" kawai, yau takalminsa yake kallo.

"Likita!" Hajiya ta taɓe baki. "Mu dai babu wannan a danginmu, a nono ya sha. Kai, zaɓi ɗaya: ko yaron ya bi ni, ko uwarsa ta kama hanya."

Ta sunkuya ta jawo Kurciya, ta tuɓe rigar, ta juya ta daidai, ta zura masa. Ihun da ya ƙwalla sai da kofi ya girgiza a kan tebur. A waje direba ya sake danna hon. Yaron ya fara ƙwala goshinsa da ƙasa, Tela ta zube ta tara tafin hannunta, goshin na sauka a kai, hawaye na zuba.

"Hajiya, sake shi."

Abban Kurciya ne ya yi maganar. Ya ɓalle maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Singiletin ciki baibai take, an yanke takardar wuyan da reza.

"Shekara talatin ke nan haka nake sawa. Kin tuna dukan da na sha kan rigar makaranta? Ban daina jin ta kamar allura ba, ɓoyewa kawai na koya. Ba a nono ya sha ba, Hajiya. Ɗana ne. Ba inda zai je, ba inda za ta je."

Ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin mota. Hajiya ta daɗe tana kallon singiletin.

"Ashe... ba taurin kai ba ne?"

Ta durƙusa da ƙyar, ta zare wa jikanta rigar a hankali, ta juya ta baibai ta miƙa masa. Ya karɓa ya saka da kansa.

"Ke 'yar nan," in ji ta can ƙasa-ƙasa, "ki ce wa wancan ya kashe motar. Tana damun yaro."

Haƙurin Tela bai tashi a banza ba. Yaron da bai iya faɗin ciwonsa ba, ba horo yake nema ba. Wanda zai tsaya ya gane inda ke yi masa zafi yake nema.